Oga Ya Tafi Sayo Katako

Shekara ashirin da biyu ina aikin kafinta, ban taɓa lulluɓe ruɓaɓɓen katako da fenti na ba mutum ba. Amma ina da ƙarya guda ɗaya, gara in faɗe ta tun yanzu. Idan aikin wani ya makara a hannuna, na kuma ga baƙuwar lamba tana kira, sai in ƙanƙantar da murya in ce, "Oga ba ya nan, ya tafi sayo katako." Babu wani oga. Ni kaɗai ne a shagon, ni ke yanka, ni ke shara. Maƙwabcina mai walda, wanda bango ɗaya ya raba mu, yakan ce da katakon da nake sayowa a waya na gaske ne, da tuni babu sauran bishiya a tsaye.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata, tana shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, tana koyon zanen gine-gine. A zangon ƙarshe kowane ɗalibi sai ya nemo wa kansa kamfanin da zai yi aikin koyo na wata shida, kuma wanda ya yi kyau sukan riƙe shi. Akwai kamfani ɗaya da ta ƙwallafa rai a kansa tun tana shekarar farko, masu zana makarantu da ƙananan asibitoci. Mutum biyu kawai suke ɗauka.

Ranar wata Lahadi da hantsi ta baje takardu a kan teburin falo, ta ce za ta rubuta abin da suke kira si-bi, wato tarihin karatun mutum da abin da ya iya. Ni ban wuce aji shida ba, amma na jawo kujera na zauna, don a ganina uba ba ya rasa abin cewa.

"Ki sa cewa kin zo ta ɗaya a aji huɗu," na ce.

"Baba, na firamare fa."

"To ba ta ɗayan kika zo ba? Ni na je na karɓo sakamakon."

Ta yi dariya, ta ce malamarsu mai ba da shawara kan neman aiki ta ce shafi ɗaya kawai, kuma abin da ya shafi aikin za a sa. Na ce to ta rubuta ta iya duk na'urorin zane, in ta shiga sai ta koya. Ta ce malamar ta ce duk abin da ka rubuta ka iya, shi za a ajiye maka a gabanka ranar ganawa a ce yi mu gani. Na ce a ƙalla ta yi wasiƙa ɗaya mai kyau, in kai a buga mata guda goma ta rarraba. Ta ce a'a, kowane kamfani da tasa wasiƙar, sai ta fara karanta irin ginin da suke yi.

Uwar yara tana ƙofar kicin tana jin mu. Ta ce, "Malam, ka bar yarinya ta yi aikinta. Kai ka taɓa neman aiki da takarda?"

"Ban taɓa ba. Amma na taɓa ganin masu nema."

Wuri ɗaya ne aka buƙace ni. Wayar Uwata ta faɗa cikin bokitin wanki kwana biyu kafin nan, tana wajen mai gyara, shi kuma kullum sai ya ce gobe. Ta daɗe tana kallon gurbin lambar waya, sannan ta ɗago.

"Baba, zan sa taka. Amma don Allah, in ka ga baƙuwar lamba, ka ɗauka, kuma ka yi magana a hankali."

Na ji haushi kaɗan. Na ce, "Uwata, ni za ki koya wa ɗaukar waya?"

Makon farko na yi abin kirki. Wayar tana aljihun gaban rigata, inda zan ji motsinta a ƙirji. Ko injin yanka zan kunna sai na fara duba ta. Sau biyu na kashe inji a tsakiyar katako don na ji kamar tana ƙara, ashe cikina ne. Mai walda ya ce in ɗaura mata zani in goya ta, in huta.

Mako na biyu ne wata matar likita ta taso ni a gaba. Na karɓi aikin kabad ɗin kayanta mai ƙofa huɗu, na ce mako uku, ga shi an shiga na shida. Da ta gane ba na ɗaukar lambarta, sai ta koma kira da wayar direbanta, da ta ƙanwarta, har da ta wata mata da ban san ko wace ce ba. Baƙuwar lamba ta zamar mini abin gudu da abin jira a lokaci guda.

Ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina haɗa ƙofar kabad ɗin. Na shafa gam, na danne da hannu biyu, in na saki kafin ya kama aikin ya lalace. Sai waya ta yi ƙara. Na ƙwala wa mai walda kira, ya zo ya zaro ta daga aljihuna ya kanga mini a kunne. Muryar mace ce, mai sanyi, irin ta masu kuɗi. Ta yi sallama ta gaishe ni. Ban bari ta kai ga magana ba.

"Oga ba ya nan, ya tafi sayo katako," na ce da 'yar muryar nan tawa. Na kuma ƙara da abin da ban saba ƙarawa ba. "Kuma wannan wayar shago ce, Hajiya, babu kowa a nan sai katako."

Sai ta ce, "To, yi haƙuri. Da alama lambar da aka rubuta ba daidai ba ce." Ta kashe.

Mai walda ya mayar mini da wayar yana girgiza kai. "Kullum muryar nan ƙara kyau take. Saura ka fara waƙa."

Gam bai gama bushewa ba sai ga mota a bakin shago. Matar likita ce da kanta ta fito, tana taka garin katako kamar mai taka ƙaya.

"Yau dai oga yana nan?" ta ce.

"Ranki ya daɗe, ai yanzu kika kira, ina shirin..."

"Ni? Na daina kiranka tun shekaranjiya. Kiran me, mutum kullum yana daji yana saran itace? Shi ya sa na zo da ƙafata."

Ban san abin da ta faɗa bayan nan ba. Na saki ƙofar. Na yi mata alkawarin Asabar, na rantse, ta tafi. Na zaro wayar na kira lambar da ta kira ni ɗazu. Wani saurayi ya ɗauka, ya ambaci sunan kamfanin, wannan dai da Uwata ta ƙwallafa rai a kansa, ya ce da wa nake son magana. Ban san sunan matar ba, ban kuma san abin da zan ce ba. Na kashe.

Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba sai ranar rasuwar mahaifina. Na tafi gida in sake riga, da niyyar in je kamfanin da kaina in durƙusa. Uwar yara ta same ni ina neman takalmin fita a ƙarƙashin gado. Na gaya mata komai.

Ta zauna a bakin gado. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Da muryar nan ka yi mata? Wadda kake yi wa yayana?"

"Yanzu lokacin wannan ne?"

"To in ka je ka ce musu me? Ga ogan ya dawo?" Ta ƙwace takalmin daga hannuna. "Ba kai ka nemi aikin nan ba, Malam. Je ka gaya wa mai shi."

Wannan ya fi mini wuya a kan durƙusa wa baƙi. Na hau babur na tafi kwalejin, na tsaya a inuwar bangon ƙofa har aka tashi ƙarfe biyu. Ta fito da ƙawayenta, da doguwar robar da take naɗe zanenta a ciki rataye a kafaɗa. Tana ganina ta san ba lafiya ba.

"Baba, Mama ce?"

"Kowa lafiya. Ni ne."

Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ko kalma ɗaya ba, har da maganar babu kowa sai katako. Ban iya kallon fuskarta ba, sai na riƙa kallon takalminta. Da na gama sai ta jefo mini tambaya.

"Ƙarfe nawa suka kira?"

"Sha ɗaya."

"Awa uku ke nan. Kawo wayar."

"Uwata, bari in kai ki can, in yi musu bayani. Laifina ne, ni ya kamata..."

"Baba, ba a zuwa neman aiki da uba." Ta faɗa a hankali, ba da tsawa ba. "Zo mu sami inda babu hayaniya."

Ta kai ni wani aji da babu kowa, mai manyan tebura masu gangara. Ta yage takarda, ta rubuta layi uku, ta soke ɗaya, ta sake rubutawa. Ta sha ruwa daga gorarta. Sannan ta miƙe tsaye, ta ce malamarsu ta ce murya ta fi fita in mutum yana tsaye. Ta kira, ta buɗe sautin yadda zan ji.

Saurayin nan ya ɗauka. Ta gaishe shi, ta faɗi cikakken sunanta da sunan kwalejin, ta ce ta nemi gurbin aikin koyo, an kira ta da safe ba a same ta ba, tana son magana da mai kula da ɗaukar ɗalibai. Ya ce ta jira. Aka sa mana wani kiɗa. Ni dai zufa har cikin kunnena.

Sai ga muryar matar. Na gane ta nan take.

Uwata ta sake faɗin sunanta. Ta ce, "Lambar daidai ce, ta mahaifina ce. Wayata ta lalace, na sa tasa. Kuskurena ne da na ba da lambar da ba a hannuna take ba. Ina ba da haƙuri, kuma har yanzu ina son gurbin."

Na buɗe baki zan ce ba kuskurenta ba ne. Ta ɗaga mini yatsa ɗaya, irin yadda nake yi mata tana ƙarama in ina awo.

Muka ji ana buɗe takardu. Matar ta ce, "Na riga na rubuta a jikin takardarki cewa lamba ba daidai ba, na wuce ga na gaba. Mutum takwas za mu gani ranar Juma'a, kuma na cike lokutan." Muka sake jin motsin takarda. "Ke ce kika yi magana a wasiƙarki kan tagogin makarantar da muka zana a bara?"

"Ni ce. Na je na gan ta."

"To. Za ki iya zuwa ƙarfe takwas, kafin mu fara da sauran? Minti ashirin kawai zan iya ba ki. Ki zo da zanenki guda uku."

"Zan zo. Na gode ƙwarai."

"Mahaifin naki kafinta ne?"

"E."

"Ki gaishe shi. Ki ce Allah ya dawo da oga lafiya."

Da ta kashe, Uwata ta zauna a kan tebur, ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suna rawa. Na matso ina cewa ta yi haƙuri, ta yafe mini, ashe dariya take yi har da hawaye.

"Babu kowa sai katako, Baba? Ni ma katako ce?"

Ba ta mayar mini da wayar ba. Ta ce tana hannunta har Juma'a, kuma duk wanda ya kira za ta gaya masa gaskiya, cewa ina shago. Haka na yi kwana biyu ina aiki kamar wanda aka tsare. A gida kuma da yamma ta sa ƙanwarta ta zauna a kujerata tana yi mata tambayoyi da muryar manya: me ya sa kike son wannan kamfani, wane aiki ne ya taɓa ba ki wuya, ina kike ganin kanki nan da shekara biyar. Na ce ni ma ina da tambaya. Suka ce an rufe ɗaukar masu tambaya.

Ranar Juma'a na tashe ta tun kafin ta ce a tashe ta. Na goge babur, na shimfiɗa tsumma mai tsabta a mazaunin baya. Saura layi ɗaya mu isa ta taɓa kafaɗata.

"A nan zan sauka."

"Ai ga ginin can, bari in kai ki bakin ƙofa."

"A nan, Baba."

Ta gyara mayafinta, ta rungume zanenta, ta tafi ba ta waiwayo ba. Ƙarfe takwas saura kwata ta shige. Na sami wani mai shayi a gefen titi na zauna. Na sha kofi biyu ban ji ɗanɗanonsu ba. Minti ashirin suka wuce, arba'in suka wuce. Mai shayin ya tambaye ni ko asibiti na kawo wani. Na ce a'a, 'yata ce take ganawa da manya a wancan ginin. Ya ce ai daɗewa alheri ce, wanda ba a so tun a ƙofa ake sallamarsa. Ban sani ba ko ya san abin da yake faɗa, amma na ƙara kofi na uku.

Tara da 'yan mintuna ta fito. Daga nesa na kasa karanta fuskarta. Sai da ta zo dab da ni ta ce, "Sun ce in fara Litinin."

Na miƙe, na koma na zauna, na sake miƙewa. Na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba. Mai shayi ya miƙo mini hannu kamar ni aka ɗauka.

Ta hau bayana. Muna tafiya ta fara ba ni labari: yadda suka shimfiɗa zanenta a kan tebur, yadda wani dattijo mai tabarau ya nuna mata matakalar da ta zana ya ce ta yi tsayi, yadda ta amsa cewa gaskiya ne, ta faɗi yadda za ta gyara. Iska tana kwashe rabin maganar. Na rage gudu, na ƙara ragewa, har masu keke suka riƙa wuce mu suna waiwaye.

"Baba, mai ya ƙare ne?"

"Akwai mai. Koma wajen dattijon nan, ban ji abin da ya ce ba."