Ƙararrawar San Phe

"Ban da San Phe," in ji maƙwabcina, U Ngwe Thaung mai zane. "Ka faɗa da ƙarfi, Ko Tha Dun, kada ka haɗiye sunan."

Yana kwance kan tabarma, ƙirjinsa na ƙugi, ni kuma ina tsaye da sandar bugu. Ya ba sufayen gidan ibada sadakar shinkafa da safe, kuma in mutum ya yi aikin lada sai ya buga ƙararrawar gidan ibada sau uku, ya raba ladan ga dukan mai rai. Tun da ƙafa ta ƙi, ni nake buga masa. Kifi na samun rabo, sauro ma na samu, ban da San Phe.

Ɗakinsa cike yake da zane-zanen ƙararrawa, sai dai babu ƙararrawa a ko ɗaya. Amon yake zanawa. Amon babbar ƙararrawar garin Mingun, can ƙetaren kogi, zobba ne baƙi-baƙi, wani cikin wani. Wadda aka ce ta nutse a ruwa wajen birnin Yangon tun zamanin kakanni kuwa, launin laka kawai ya shafe allon da shi. Mutane na cewa fenti ne ya zube masa. Ni da ban yi nisa a karatu ba, nakan zauna gabansu har kunnena ya fara rawa.

Ta unguwarmu shuɗiya ce, da siririn zare rawaya a tsakiya. Zaren nan matarsa ce, Ma Thein Nu. Ranar da San Phe ya yi zubin ƙararrawar, ta cire 'yan kunnen zinaren uwarta ta jefa cikin narkakkiyar tagulla. An rubuta sunan duk wanda ya ba da gudummawa a jikin ƙararrawar, har mai sayar da gawayi. Nata kaɗai San Phe ya ƙi rubutawa, don ta taɓa ƙin aurensa. Har ta mutu ba ta daina zuwa tana laluben sunanta da yatsa ba.

Ban kai ƙofa ba sai ga San Phe, ya tsufa, yana dogara sanda, da kwanon miyar kifi a hannu.

"U Ngwe Thaung, ya jiki?"

"Ya fi tagullarka. Ajiye miyar, kare na waje."

"Haba! Ni ma tafe nake bayanka. Kada ka tafi ka bar ni a waje. Yara ma in sun buga ƙararrawa sai su ce ban da ni, suna dariya."

"Ashe yaran unguwa na da tarbiyya."

San Phe ya durƙusa, gwiwa na ƙara. "Me kake so?"

Maƙwabcina ya ce, "Rubuta sunanta. Da hannunka. A leɓen ƙararrawar, ta gabas, inda sanda ke sauka. Sai in ce duk wanda ya ji amonta ya ɗauki rabonsa, ban cire kowa ba."

"Ta gabas? Wajen ba kauri."

"Wa ya yi zubin? Ni?"

Na bi San Phe gidan ibada. Ya ɗora ƙarfen sassaƙa, guduma na saɓawa. Ya gama Thein lafiya. Yana cikin Nu sai muka ji wani ɗan sauti kamar an taka busasshen ganye. Tsaga ta haura daga leɓe, siririya kamar gashi, ta ratsa har ta cikin sunan San Phe kansa.

Ya zauna a ƙasa. "Buga," ya ce.

Na raba ladan da ƙarfi, ban cire kowa ba, na buga. Ƙwal. Kamar an doki tsohuwar tukunya. Tantabarun da ke kan rufi ko motsi ba su yi ba. Mata biyu na shara a tsakar gida, babu wadda ta ɗago ta ce madalla, kamar yadda wanda ya ji amo kan ce don karɓar rabonsa.

"Wannan amo ne, Ko Tha Dun?" in ji San Phe. "Ka ce mini amo ne."

Na ɗauki sandar, na koma.

Na tarar da Ngwe Thaung ya jawo shuɗin zanen kusa da tabarma.

"Ban ji komai daga nan ba," ya ce. "San Phe fa, ya ji?"

"Ta tsage."

"Tun ranar zubi nake jin raunin nan na gabas a cikin amonta." Ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi. "Miƙo mini wuƙar fenti."

"Matarka ma fa ka rasa muryarta," na ce.

"Ta fita daga tagullarsa, wawa. Riƙe allon."

Ya kankare zaren rawaya a hankali, daga sama har ƙasa, ya tara ɓawon a tafinsa ya dunƙule. Kafin rana ta karkata ya cika.

Da muka zo wankan gawarsa, hannun ya ƙi buɗuwa, muka bar shi haka. Allon na nan jingine a ɗakina, shuɗi ko'ina, da farin layi a tsakiya. Da la'asar nakan hango San Phe zaune ƙarƙashin ƙararrawar, ya manna kunne a jikin tagulla.