Kaka Fergus Ya Mutu Ya Dawo

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da takalman Mahamudu a bakin ƙofa, an jera su, an goge su tas. An kusa shekara da rasuwar mijin nawa, takalman kuwa suna cikin jaka a ƙarƙashin gado, ina jiran mai tafiya Kano in bayar.

"Sumaya, wa ya fito da waɗannan?"

'Yata ce, shekararta biyar. Hausa nake yi mata, ita kuma ta mayar mini da Turanci. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni ce. Kada Abba ya dawo ya rasa abin sawa."

Na ajiye jakata a hankali. "Wa ya ce miki zai dawo?"

"Ai Kaka Fergus ma ya mutu. Na gani a talbijin, an harbe shi ya faɗa ruwa. Ga shi ya dawo, yau har ƙwai ya dafa mini."

Fergus Tulloch tsoho ne Bature da ke zaune a hawan benen da ke ƙasa da namu a nan unguwar University Heights ta New York, tun kafin a haife ni yake gidan. Ɗan wasan kwaikwayo ne daga Scotland. A garin masunta aka haife shi, ya yi ƙuruciyarsa yana yawon wasa gari gari a bayan wata tsohuwar mota shi da abokansa, daga baya wani wasa ya kawo shi New York, wasan ya watse, shi ya zauna. Bai taɓa zama jarumi ba. Shi ne likita, shi ne mashayi, shi ne ɗan sandan da ake kashewa tun labari bai yi nisa ba. A jirgin ƙasa mutane kan zuba masa ido su ce sun san fuskar nan, amma babu wanda ya san sunan. Tun da Mahamudu ya rasu shi ke tarbar Sumaya a motar makaranta, ta zauna wurinsa har in taso daga gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. Bai taɓa ba ta abin da na hana ba.

Ranar jana'iza, maza ne suka ɗauki Mahamudu daga masallaci suka kai shi makabarta a New Jersey. Mu mata muna gida, yara suna ɗakin maƙwabta. Na gaya wa Sumaya Abba ya rasu, ta gyaɗa kai, na ɗauka magana ta zauna. Ashe ba ta ga komai ba. Mutuwa ɗaya ta taɓa gani da idonta, mai ita kuma yana dafa mata ƙwai.

Na kama hannunta muka sauka. Mun same shi yana gugar riga, ya ɗora tabarau a kan hanci.

"Fatsuma, shigo. An kira ni aiki gobe, kakan wani ne a gadon asibiti. Ba su faɗa ba tukuna, amma na san ba zan kai ƙarshe ba."

"Baba Fergus, magana ce ta kawo ni."

Na tura Sumaya kicin ta sha ruwa, na gaya masa komai. Ya cire wayar dutsen gugar daga bango, ya zauna.

"Tsohon fim ne aka maimaita da rana," in ji shi. "Ta ga fuskata ta yi ta murna, ni kuma na ji daɗi na bar shi. Tsufa bai raba ni da son a kalle ni ba."

"Ban zo neman mai laifi ba. So nake yarinyar nan ta daina jira."

"Na san jiran. Ubana ya fita kamun kifi ina ɗan shekara bakwai, teku ba ta dawo da ko hularsa ba. Aka yi addu'a a coci babu gawa. Har na fara gemu ina zuwa bakin ruwa ina leƙa jiragen mutane." Ya share tabarau da gefen rigarsa. "Ki bar ni in nuna mata yadda ake yi. Sauran ke za ki faɗa, ba nawa ba ne."

Ban so a yi wasa da mutuwa a gaban 'yata ba. Amma ba ni da wata dabarar da ta fi tasa, sai na ce to.

Ya kira ta. "Ranki ya daɗe, zo ki ga sana'ata. Ki yi bindiga da yatsa ki ce tau."

Ta nuna shi da yatsa tana dariya. Ya dafe ciki, ya ja baya, gwiwa ɗaya ta lanƙwashe, ya zube a kan darduma a hankali saboda ƙugunsa. Ido a buɗe, baki a sake. Dariyar Sumaya ta ɗauke.

"Je ki sa kunne a ƙirjinsa," na ce.

Ta durƙusa ta kwantar da kai a kan rigarsa. Can sai ta ce, "Zuciyarka tana bugawa. Kaka, wayo kake yi."

"Wayo ne," ya ce daga kwancen. "A cikin ruwan nan ma tana bugawa, har wani yaro na tsaye da tawul yana jirana. Shekara hamsin ana biyana in yi wannan ƙaryar. Mutuwar gaskiyar ban taɓa yi ba. Ita sau ɗaya ake yi, kuma ba a tashi."

Ba ta ɗaga kai daga ƙirjinsa ba, sai dai ta juyo da ido wajena.

"Mama, kin sa kunne a na Abba?"

"Na sa. A asibiti."

"Tana bugawa?"

"A'a, Sumaya. Na daɗe ina saurare. Ba ta buga ba."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta tashi ta zo ta zauna a cinyata, ta kama bakin mayafina tana murzawa. Tsohon yana kwance inda yake, bai motsa ba, yana kallon silin.

"To yana ina?"

"An kwantar da shi a ƙasa, a wani wuri mai ciyawa, can hayin kogi. Muna yi masa addu'a daga nan, Allah yana kai masa."

"Kin ga wurin?"

Ban taɓa zuwa ba. Na gaya mata haka.

"Mu je mu gani," ta ce, da Hausa.

Na san za a samu masu cewa mace ba ta zuwa makabarta, balle da yarinya. Na taimaka wa Baba Fergus ya miƙe, na zaunar da shi a kujera. Sannan na ciro waya na kira Braimah, abokin Mahamudu da suke tuƙin tasi tare, wanda da hannunsa aka sa shi a kabari. Na tambaye shi ko yana aiki ranar Lahadi da safe.