Kwalbar Da Ta Zo A Sanyaye

Aikinta a matatar mai shi ne awo, kuma ma'aikata na kiranta Uwar Kwalabe saboda teburinta a ɗakin gwaji ba ya rabuwa da kwalaben samfur. Ana dafa ɗanyen mai a tanderu, tururinsa ya shiga doguwar hasumiya ya rabu hawa-hawa: gas da fetur su yi sama don ba su da nauyi, kananzir ya tsaya a tsakiya, dizal a ƙasa da shi, kwalta ta kwanta a gindi. Nata shi ne ta tabbatar kowanne ya fito da halinsa.

Kananzir ta fi sa wa ido. Takan zuba kaɗan a kofin tagulla, ta ɗumama a hankali tana nuna masa ɗan harshen wuta har ya yi fat. In ya kama kafin zafi ya kai digiri talatin da takwas, to da sauran fetur a jikinsa, kuma irinsa ne ke fasa fitila da risho a gidajen mutane.

Ranar Talata ya kama a arba'in da huɗu. Laraba ma haka, safe da yamma. Shekararta tara a wurin, ba ta taɓa ganin awo ya tsaya cak haka ba, balle a makon da aka canza ɗanyen mai. Ta fara zargin na'urarta, ta gwada ta da dizal, ta ga lafiyarta ƙalau. Saura mai kawo samfur, shi kuwa ƙanen mahaifiyarta ne, wanda da hannunsa ya kawo mata takardar neman wannan aikin.

Da safiyar Alhamis Kawu ya dire kwandon kwalabe. Ta ɗauki ta kananzir ta ji ta da sanyi. Wanda aka ɗebo daga bututu da ɗuminsa yake isowa.

"Kawu, yau kwalbar ta huce da wuri."

"Na tsaya gaisawa a hanya. Ko gaisuwar ma sai kin auna ta?"

Ya yi dariya, amma bai zauna ya tambayi yara ba kamar kullum. Ta kalli safar hannunsa, tas take, ba tsatsar matakalar hasumiya.

Da lokacin samfurin yamma ya yi, ta sa hular kwano ta bi shi daga nesa. Bai nufi matakalar hasumiya ba. Bayan ɗakin famfo ya zagaya, ya janye wani buhu, ya tsuguna yana cika kwalba daga wata shuɗiyar jarka.

"Kawu."

Bai juyo ba. "Gwiwata ce, 'yar nan. Hawa huɗu, sau biyu a rana. Ba na iyawa yanzu."

"Allah ya ba ka lafiya. Amma jarkar nan da hatimin ɗakin sarrafawa a wuyanta. Wa ya ba ka?"

Ya rufe kwalbar, ya goge ta da gefen rigarsa. "Kananzir ne mai kyau."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

Ya mayar da buhun kan jarkar. Ta karɓi kwalba wadda ba komai a ciki, ta hau matakalar da kanta. Tun tana buɗe bakin bututun warin ya gaya mata, don yana da kaifin da kananzir ba shi da shi. A ɗakin gwaji ya kama wuta a talatin da ɗaya. Ta maimaita sau biyu, sannan ta kira manaja.

Aka rufe tankin kananzir. Tankokin mota biyu da ke layi aka juye su, ɗaya da ta riga ta fita aka tare ta a hanya. Bincike ya nuna tururin da ke kore fetur daga kananzir ya ragu tun ranar Talata, saboda wani makullin bututu da ke yoyo, wanda gyaransa sai an tsayar da aiki kwana biyu. Shugaban ɗakin sarrafawa, inda ake kula da aikin hasumiya, ya rantse bai sani ba. Kawu ya ce a shara ya tsinci jarkar, kuma duk yadda aka juya tambayar bai canza ba. Aka mayar da shi sito, wurin da ba hawa.

Mahaifiyarta ta yi mako ba ta ɗaga wayarta. Da ta ɗaga, cewa ta yi, "Ɗan'uwana kika kai gaban manya?"

"Inna, irin wannan kananzir ɗin kike zuba wa rishonki."

Inna ta kau da zancen, ta tambayi jikokinta.

Tun daga nan Uwar Kwalabe takan hau ta ɗebo samfur ɗaya da kanta kowace rana, a lokacin da ba ta gaya wa kowa ba. Shugaban ɗakin sarrafawa yanzu har tasowa yake daga kujera ya gaishe ta in ta wuce, abin da bai taɓa yi ba a da. Takan amsa, ta ci gaba da tafiya.