Takardar Layi na Tara

Aikina shi ne in gaya wa mutane cewa motar da suke jira ba za ta zo ba. Shekara shida ina yin sa, a wani ɗan ɗaki da ke saman babbar tashar bas, mai taga ɗaya da kwamfuta biyu da makirufo, sai firinta da ba ta aiki sai an mare ta a gefe. Idan an soke mota, hanya uku muke sanarwa. In yi magana a lasifikar tasha, in tura saƙo zuwa wayar duk wanda ya yi rajistar katin hawa, sannan in buga takarda da za a manna a jikin ƙarfen kowace matsaya. Takardar nan direban layin ne yake ɗauka daga akwatinsa, ya bi hanya yana mannawa. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi wa zai kai ta ba ranar da motar ce ma ba za ta fita ba.

Babana shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a wannan kamfani. Yanzu ƙodarsa ta gaza. Litinin da Alhamis yake zuwa wankin ƙoda a babban asibiti, ƙarfe goma na safe, kuma layi na tara yake hawa daga matsayar ƙarshe, can bayan unguwarmu. Injinan asibitin kaɗan ne, masu jira kuwa ba a magana. Dokarsu ita ce wanda ya rasa zamansa sau biyu a wata guda, a ba wani kujerarsa, shi ya koma ƙarshen jerin masu jira. Baba ya riga ya rasa ɗaya, makon da zazzaɓi ya kayar da shi.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, ƙarfe bakwai da minti ashirin, direban layi na tara ya kira ta rediyo ya ce bututun ruwa ya fashe kusa da gada, titi ya rufta, shi dai ya juyo. Na san Baba yana fita bakwai da rabi, ga kuma wayar ofis a gabana. Amma a ɗakinmu ba a furta komai sai shugaba ya sa hannu, domin sau da yawa direba zai ce hanya ta toshe, bayan minti goma a ce ta buɗe. An taɓa ba ni takardar gargaɗi a kan haka. Sai na ce bari in jira in tabbatar, kada in sa tsoho ya ɗauki tasi a banza ya wuni yana yi mini mita. Wannan jiran shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Shugabanmu, wanda muke kira Bari-in-duba a bayan idonsa, yana taro. Sai takwas saura minti biyar ya fito, ya karanta layi biyun da na rubuta kamar mai karanta takardar gado, ya sa hannu. Na tura saƙo ga mutum dubu huɗu da wani abu. Na Baba yana ciki, sai dai da lambata na yi masa rajistar katin, saboda ya ce shi ba ya son waya tana damunsa. Wayata kuwa tana kulle a loka a ƙasa, kamar ta kowane ma'aikaci a lokacin aiki. Na buga takardu, na saka a akwatin layi na tara kamar yadda doka ta ce, ina sane da babu mai ɗauka.

Na kira wayar Baba, Gwaggo ta ɗauka. Ƙanwarsa ce, ita ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Ta ce ai ya fita tun ɗazu, wayar kuma ya bar ta a caji kamar kullum. Gwaggo gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa, sai na roƙe ta ta leƙa wajen telan da ke ƙofar gida. Bawan Allah ya bar ɗinkinsa ya tafi matsayar neman Baba. Na kira asibiti sau bakwai, wayar ta yi ta ruri babu wanda ya ɗaga. Na roƙi shugaba ya ba ni awa ɗaya, ya ce abokiyar aikina tana hutun haihuwa, wa zai riƙe makirufo? Haka na zauna ina maimaita wa mutanen babbar tasha cewa babu layi na tara, mutanen da suke ganin motar a fake da idonsu.

Wajen tara saura kwata tela ya kira layin ofis. Ya ce duk masu jira sun ga saƙo sun watse, wasu har sun yi wa Baba tayin su haɗa tasi, ya ƙi. Ya ce musu ba a manna takarda ba, kuma shi ya san aikin nan tun kafin a haife su. Na ce ya ba shi wayar.

"Baba, ni ce. Babu mota yau. Ka hau tasi yanzu, don Allah."

"Ke kika gani, ko an gaya miki?"

"Ni na rubuta sanarwar da hannuna."

"To ina takardar? Ga ni a jikin ƙarfen, babu komai. In ba a manna ba, mota na tafe. Ko hanya ta lalace, ai za su zagayo ta bayan kasuwa. Haka muke yi."

Na gaya masa an daina zagayen nan shekara huɗu ke nan. Bai so ya ƙaryata ni a gaban baƙo ba. Ya ce zai ƙara minti goma. Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, har shugaba ya leƙo. Minti goman Baba ya zama rabin awa. Ba taurin kai kawai ba ne, kodayake yana da shi har na sayarwa. Shi a ganinsa, barin matsayar kamar ya ce kamfanin da ya ba wa ƙuruciyarsa maƙaryaci ne.

Da ya yarda, tela ya sa shi a tasi. Duk motocin gari sun koma kan hanya ɗaya saboda gadar. Sha ɗaya saura kwata ya isa.

Da aka tashi aiki na same shi a bencin da ke bakin ɗakin wankin ƙoda, jakarsa a kan cinya, bai ko buɗe ruwan da Gwaggo ta sa masa ba. Ma'aikaciyar jinya ta yi mini bayani a hankali, ba da wulaƙanci ba. Ta ce sun jira shi rabin awa, sannan suka kira na gaba, wata mata da ta yi wata biyar tana jira. Ta nuna mini sunansa a jerin, shi ne na arba'in da uku. Na yi kuka, na nuna mata sanarwar a wayata, ta ce ta yarda da ni, amma ba za ta iya cire waccan matar daga inji ba. Asibitin kuɗi kuwa ba na irinmu ba ne, ita ma ba ta ɓata bakinta ta ambata ba.

Ranar Alhamis na ɗauki hutu don in raka shi mu sake roƙo. An gyara hanya tun Laraba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai silifas, kuma sau uku muka tsaya ya huta kafin mu kai matsayar. Muna isa na ga takardar a jikin ƙarfe, an manna ta tsaf da gam a kusurwa huɗu. Direban ya tarar da ita a akwatinsa da aka buɗe layin, ya yi abin da aka koya masa.

Baba ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa, har da kwanan watan Litinin.

"Kin ga sun kawo," ya ce. "Ke kika rubuta?"

Na ce ni ce.

"Ya yi kyau. Babu kuskure ko ɗaya."

Motar ta zo daidai lokacinta. Direban ya gane shi, ya gaishe shi da girmamawa, ya jira. Baba ya kama ƙarfen ƙofa ya ɗaga ƙafa, ba ta kai matakalar ba. Ya sake gwadawa sau biyu. Sai ya saki ƙarfen, ya ce wa direban ya tafi, kada ya makarar da mutane.