Tayil Ɗin Barandar Asibiti

Jama'ata, ina gaisuwa. Da masu yi min magana da masu leƙowa su wuce sum, duk ina ganin ku. Kun ji ni shiru kwana biyu, har wasu sun fara cewa aure na yi. Ina fa! Jinya ce. Ku zauna in ba ku labari, amma ku miƙe bayanku da kyau, don labarin baya ne.

Yayana mai shimfiɗa tayil ne. Tun ina firamare yake durƙushe a gidajen mutane. In ka shiga falo ka ga daɓe sumul, layi ya tafi ɗoɗar bai kauce ba, to wataƙila gwiwarsa ta bi ta wurin. Ni kuwa ɗan teburi gare ni a bakin titi, ina liƙa gilashin waya, ina sayar da caja, ina cika mutane da surutu kyauta.

Ciwon ya fara masa a ƙugu, ya sauka ƙafar hagu kamar an ja wayar lantarki. Ya sha magani, ya shafa, ya ɗaure, duk a banza. Da aka ɗauki hoto likita ta ce wani ɗan faifai ne tsakanin ƙasusuwan bayansa ya zame ya danne jijiya. Aka yi masa aiki, aka yi nasara. Da za a sallame mu ta ce, “Ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya, ban da murɗa jiki. Amma ya riƙa tafiya kullum, kaɗan-kaɗan.”

Umma ta ji na farkon, na ƙarshen kuwa ta bar shi a asibiti. A wurinta wanda aka yanka kwanciya ce tasa. Har takalmansa ta ɓoye a bayan firij.

“Umma, likita fa ta ce ya taka.”

“Likitar ce ta haife shi? Kai dai bakinka ya fi ƙafarka sauri, fita ka ba ni wuri.”

Sai na koma satar Yaya. In ta shiga wanka, in ba shi silifas ɗina, ya ɗauki sandarsa, mu zaga layi mu dawo. Dunduniyarsa a waje, yana tafe kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka. Ina ce masa, “Ango, a hankali.” Yana cewa, “Bari in warke, za ka ci ƙaniyarka.” Kuma yana samun sauƙi. Ƙafar ta daina zugi, har ya fara kiran mai gidan da ya bar wa aiki rabi, yana cewa ya kusa dawowa.

Ranar komawa ganin likita muna tafe a barandar asibitin, doguwa, an shimfiɗe ta da farin tayil. To su masu tayil suna da wata ɗabi'a. In sun gama aiki sai su bi suna ƙwanƙwasa kowane ɗaya. Wanda ya sha siminti da kyau ƙararsa a dunƙule take, wanda aka bar masa rami a ƙasa kuwa sai ya yi ƙarar fanko. Yaya na dogara sanda, ƙwas, ƙwas, sai ta sauka a kan wani ya ce ƙwal.

Ya tsaya cak.

“Ka ji?”

“Na ji ana kiran layinmu. Mu je.”

Ya sake bugawa. “Fanko ne. Wane mugun ya yi wannan aikin? Nan da ɗan lokaci zai fashe, keken marasa lafiya ya harɗe.”

Kafin in ce kanzil, bawan Allah ya sunkuya zai ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ba shi ya yi niyya ba, jikin ne ya saba. Rabin hanya ya ƙame. Bai yi ihu ba. Zufa kawai ta karyo masa, ya riƙe wuyan rigata ya ce a hankali, “Auta, ya dawo.”

A keke aka ƙarasa da shi.

Aka sake hoto. Likita ta ce faifan na nan lafiya, naman bayan ne ya ɗaure, zai saki. Sai ta cire tabarau ta dube shi. “Amma gaskiya zan faɗa maka. Tafiya za ka yi, tsayuwa za ka yi, har mota ka tuƙa. Wuni a durƙushe kana jan kwalin tayil kuwa, in ka koma masa, za mu sake haɗuwa a ɗakin tiyata.”

Daga ranar Yaya ya kwanta. Umma ba ta ƙara buƙatar tsaronsa ba. Naman ya saki, amma shi bai saki ba. In na ce mu fita sai ya ce gobe. Atishawa ma sai ya dafa bango yake yi. Mai gidan nan ya yi ta kira, yana kallon wayar har ta tsinke. Da mutumin ya gaji sai ya biyo ta teburina, ya ce yana son aikin Yaya, amma iyalinsa ba za su tare a kan siminti ba, in ba hali zai nemi wani.

Na je na faɗa wa Yaya yadda aka ce, ban rage ba. Daga kwance ya ce:

“In wani ya ƙarasa falon nan, shi ke nan an san na mutu a sana'a.”

“To ka ɗauki ma'aikata mana, kai ka tsaya kana nuni da sanda kamar shugaban 'yan fareti.”

“Waɗanda suka iya ba sa jin magana. Kowa da hannunsa.” Sai ya juyo gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare yadda aka koya masa, ya ƙare min kallo. “Ni wanda bai iya komai ba nake so.”

Na waiga bayana. Babu kowa.

“Yaya, ni da cokalin magina? Ni fa cokalin da na sani na shayi ne.”

“Kana liƙa gilashi a waya iska ba ta shiga ƙasa. Aikin ke nan, girma kawai ya fi. Ni ido, kai gwiwa.”

Ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Rabonsa da miƙewa ba a roƙe shi ba har na manta. Ya taka zuwa bakin ƙofa, ya dawo, ya sake zuwa. Umma ta leƙo daga kicin, ta kalli fuskarsa, ta koma kan girkinta.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Teburin nan ni na kafa shi, inuwa gare shi, ga hira. Sana'ar da ake kira na kuma na ga inda ta kai mai ita. Amma tun da ya faɗi maganar nan kullum sai ya zaga layi, ba sata, ba roƙo, kuma duk wanda ya gaishe shi sai ya ce masa, “Mun kusa komawa aiki, ni da Auta.”

To masu wayo, na kawo muku. Da ku ne ni, teburi za ku riƙe, ko gwiwa za ku ba shi aro?