Kujerar Baba Gaddis

Kujerar dai guda ɗaya ce tak. Sashe na goma sha huɗu, layi na tara, daidai tsakiyar filin wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu, inda in ƙartin 'yan wasan nan suka yi karo kana jin ƙarar hulunan kwanonsu har cikin haƙoranka. Shekara arba'in da ɗaya Otha Gaddis yana zama a kanta kowace Lahadin wasa, ko ƙungiyar garin ta ci ko ta sha kashi, kuma yawanci kashin take sha. Da gwiwoyinsa suka ƙi hawan bene sai ya tara 'ya'yansa biyu, Ernestine da ƙanenta Cleavon, ya kafa musu doka. Duk watan Afrilu, kafin ranar da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kowa zai rubuta sunan yaron da yake ganin ƙungiyarsu za ta ɗauka a zagayen farko, ya liƙe a ambulan. Wanda ya canka, kujera tasa ce a shekarar. In duka sun kuskure, ko an yi kunnen doki, tana nan a hannun mai riƙe da ita.

Shekarar farko Ernestine ta canka. Da aka tambaye ta yadda ta yi, sai ta ce ai yaron yana da fara'a. Fara'a fa! Daga nan kuma ba wanda ya sake canka, shekara shida cur. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ta ɗora rigar ƙungiya a kan kayan cocinta, ta ɗauki bargo ta nufi fili, shi kuwa Cleavon yana gida gaban talabijin yana leƙen layi na tara ko zai hango hularta. Abin yana ci masa rai, ba kaɗan ba.

Don shi masani ne, a yarda ko kar a yarda. Tun da ya ajiye tuƙin bas ɗin gari bayan shekara talatin, ɗakin ƙarƙashin gidansa ya koma ofis. Akwai allo, akwai takardu masu launi uku, akwai faifan wasannin jami'o'in da ko iyayen yaran ba su kalla ba. Ka ambaci sunan yaro, zai gaya maka cikin daƙiƙa nawa yake gudun yadi arba'in, da tsawon hannunsa, da abin da ya sami ƙafarsa yana aji biyu. A shagon aski Farfesa ake kiransa, kuma har yau bai gane cewa ba yabo ba ne. Kowace shekara yakan rubuta sunan da duk mai hankali zai ɗauka. Kowace shekara ƙungiya takan ɗauki wani.

Bana, a cin abincin Ista, Baba Gaddis ya ture farantinsa ya zaro wata takarda daga aljihun riga.

"Na gaji da alƙalanci," in ji shi. "Shekarata tamanin da bakwai. Wannan takardar sauya sunan mai kujera ce daga ofishin ƙungiya. Wanda ya ci bana, sunansa zan sa, kujera ta zama tasa har ya mutu. In kun kuskure duka, kun san doka."

"Baba, ai wannan ba adalci ba ne," Cleavon ya ce. "Ita ko ba ta canka ba ta ci ke nan."

"To kai ka canka mana, yaro. Ba kai ne mai allo ba?"

Shekarar yaron hamsin da takwas, gemunsa ya yi fari fat.

Sa'a ɗaya da aka yi, ƙungiyar ta yi abin kunya sosai a kakar da ta wuce. Wasa uku ta ci cikin goma sha bakwai. Tunda kuwa a wannan wasa wanda ya fi kowa lalacewa shi ake ba zaɓin farko, sai ga su a matsayi na uku. Duk garin sai murna ake, kai ka ce kofi aka ciyo. Har akwai masu jin haushin wasa na ukun da aka ci, wai ba don shi ba da sun zo na biyu.

Sunaye uku ne ke yawo a bakin mutane. Akwai wani siririn yaro mai gudu da ake ce wa Quill, amma Cleavon ya share shi tun a Janairu saboda ciwon gwiwa. Saura biyu. Na farko Tanner Rusk, mai jefa ƙwallo, kyakkyawa, gashi a kwance, haƙora kamar na tallan man goge baki. 'Yan rediyo sun mutu a kansa. Na biyu Amos Pettibone, wani ƙato daga ƙaramar jami'a a kudu, wanda aikinsa kawai ya tsaya gaban mai jifa ya hana a tattake shi. Ba ya cin maki, ba ya iya magana a gaban kyamara, ba wanda zai sayi riga don sunansa.

"Pettibone!" Cleavon ke faɗa duk inda ya sami kunne. A shagon aski, a layin kantin magani, har a bakin coci. Amma wadda ta fi shan wa'azin ita ce Ernestine, don duk Laraba a gidanta yake cin abincin rana.

"Yaya, tsaya ki ji. Me ya kashe mu bara? Sau sittin da biyu aka kayar da mai jifarmu. Sittin da biyu! Ko wa kika kawo, in ba mai tsaya masa, kafin Oktoba yana asibiti."

"Uhm," in ji ta, tana yanka ganye.

"Kuma Rusk ɗin nan, kin san faɗin tafin hannunsa? Inci takwas da bakwai bisa takwas. Bai kai tara ba!"

"Da nawa ya rage?"

"Da ɗaya bisa takwas."

Ta ɗaga ɗan guntun ganye a kan wuƙa. "Kamar wannan?"

"Ki yi ta dariya. Kowa ya san in hannu bai kai inci tara ba, a sanyin Disamba na garin nan ƙwallo suɓucewa take kamar sabulu. Ni nawa tara da rabi ne, na auna."

"To je ka su ɗauke ka mana, Farfesa. Miƙo min gishiri."

Haka aka yi ta yi har ranar Alhamis ɗin zaɓe. Da azahar Cleavon ya sauka ofishinsa, ya ɗauki biro da takarda, ya rubuta harafin farko na Pettibone, sai ya tsaya. Idonsa ya faɗa kan gefen allo, inda ya jera sunaye shida da ya rubuta a shekaru shidan da ba wanda ya canka, kowanne da wanda ƙungiya ta ɗauka a madadinsa. Nasa shidan duk sun zama zakaru a wasu garuruwa. Na ƙungiya kuwa, biyu suna sayar da motoci, ɗaya ba a ma san inda yake ba. Nan take abin ya faɗo masa, har sai da ya zauna. Ashe duk shekarun nan amsar wata tambaya daban yake bayarwa. Baba bai ce a rubuta wanda ya kamata a ɗauka ba. Cewa ya yi a rubuta wanda za su ɗauka. Kuma yaushe rabon mutanen ofishin nan da su yi abin da ya kamata? Su da suka taɓa kashe zaɓin farko a kan wanda aikinsa bugun ƙwallo da ƙafa kawai, ɗan wasan da ba a cika buƙata ba?

Ya yage takardar ya ɗauki sabuwa. Ya rubuta Tanner Rusk, ya liƙe da sauri kafin zuciyarsa ta hana shi. Kunya ta kama shi, shi kaɗai a ɗaki, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi. Karon farko a rayuwarsa ya ji ya fi su wayo.

Rana ba ta gama faɗuwa ba suka hallara a falon Baba. Ernestine ta kawo fukafukan kaza da makaroni mai cuku, Cleavon ya kawo burodin masara na kanti ya juye a faranti don a zaci shi ya gasa. Baba ya karɓi ambulan biyu ya danne a ƙarƙashin cinyarsa. Ƙungiya ta farko ta zaɓa, ta biyu ta zaɓa, ba wadda ta taɓa Rusk ko Pettibone. Sai agogon nasu ya fara sauka, minti goman da ake ba kowace ƙungiya ta yanke shawara.

"Ka yi shiru yau," in ji Ernestine. "Ko lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

Ba lafiya ba. A talabijin ana nuna Rusk cikin kwat mai sheƙi yana gyara gashi, da ɗan hannun nan nasa, Cleavon kuwa yana addu'a a zuci irin wadda bai taɓa yi ba. Ya Ubangiji, ka bar su yadda ka halicce su. Na yau kaɗai. Shekara arba'in ba ka ba su hankali ba, kada ka fara yanzu.

Mai sanarwa ya fito da ɗan kati a hannu, jama'ar zauren suka yi masa ihun da aka saba. Ya gyara murya.

"A zaɓi na uku… Amos Pettibone."

Cleavon bai san lokacin da ya miƙe ba. Faranti ya kife, makaroni ya watse a kan kafet. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? Pettibone! Kai, yau an yi abin hankali a garin nan! Baba, ka gani? Wata huɗu ina faɗa!" Ya zagaye teburi yana rawa, ya sumbaci sanƙon tsoho, har ƙwalla ta taru masa. Murnar gaske ce, irin wadda rabonsa da ita tun yana saurayi.

Yana tsakiyar juyi na biyu ya hango gefen ambulan yana leƙowa daga ƙarƙashin cinyar Baba. Sai rawar ta mutu a ƙafarsa.

"To, barka," in ji Ernestine, tana murmushi. "Buɗe, Baba, mu gani."

Tsoho ya sa tabarau ya yage na Cleavon. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake karantawa.

"Tanner Rusk," ya ce a hankali. "Mai ɗan hannun nan? Kai yaro, kai ka rubuta wannan?"

Tsoho ya kaɗa takardar a gaban Cleavon.

"Wata huɗu ka hana mu cin abinci cikin kwanciyar hankali. Har hannuna ka auna ina barci!"

"Baba, na zaci… ai ba su taɓa…"

"Ka zaci."

Ya yage na biyun. Rubutun Ernestine ne mai kyau na tsohuwar sakatariyar makaranta: Amos Pettibone. Murmushi ya riga ya bar fuskarta. Ta dubi ƙanenta da wani irin kallo, haushi da tausayi a haɗe.

"Ni ban san komai a kan ƙaton nan ba," in ji ta. "Ko hotonsa ban taɓa gani ba sai yanzu. Kai ka ce shi ne, ka faɗa sau ɗari, ni kuma na yarda da kai. Na ɗauka kunnen doki za mu yi, sai in ce wa Baba ya sa sunanka, tunda kai ka yi aikin. Na ma shirya abin da zan faɗa."

"To ai har yanzu kina iya faɗa, Yaya."

"Ba za ta faɗa ba," Baba ya katse shi. "Doka doka ce. Da kunnen doki ne sai a yi magana. Wannan kuwa kaye ne, kuma da hannunka mai inci tara da rabi ka kayar da kanka. Ernestine, ba ni biro."

Ya shimfiɗa takardar a kan gwiwa ya rubuta sunanta harafi bayan harafi, ya sa hannu. A talabijin ƙaton yana kuka a kafaɗar mahaifiyarsa, an ɗora masa hular ƙungiya da ta yi wa kansa kaɗan. Cleavon ya durƙusa yana tsince makaroni daga kafet, don kawai kada su ga fuskarsa. Ƙungiyarsa ta sami wanda zai gyara ta, za a fara cin wasa a filin nan bayan shekaru, kuma shi daga falo zai kalla har ƙarshen ransa.

Ernestine ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta dubi ƙeyarsa.

"Akwai Lahadi ɗaya a Disamba da ba na zuwa," ta ce. "Ranar waƙoƙin coci. Sanyi ne kamar ya kashe mutum, kuma yawanci lokacin an riga an fitar da mu daga gasar. In kana so."

Ya so ya ce ta riƙe abinta. Ya so ya ce shi ba maroƙi ba ne, ya miƙe ya fita ya bugo ƙofa. Har ya buɗe baki.

"Wace Lahadin?" ya ce, bai ɗago ba.