Taku Ɗari da Ashirin na Malam Usur

Sau ɗaya tak Malam Usur ya taɓa auna filin gudu da igiyar awo, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, makon da ya kama aikin malamin wasanni. Ran nan ya ja igiya ya fitar da mita ɗari, sannan ya bi ta da ƙafa, ya samu taku ɗari da ashirin cif. Daga nan ya sallami igiya. Wani magini ya are ta bai dawo da ita ba, shi kuwa ko a jikinsa. Duk shekara in gasar makaranta ta matso, sai ya tsaya gindin turken ƙarfen da ke mafarin gudu da usur a wuya, ya taka ɗari da ashirin yana ƙirgawa da ƙarfi, ya dawo ya zuba layi da tokar da ya kwaso a kicin. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa bokitin tokar nan, ko shugaban makaranta ne.

A babban zaure akwai wani baƙin allo da yake rubuta sunan duk wanda ya kafa tarihi, da farin fenti, da hannunsa. Shekara goman nan na baya allon ya cika maƙil. Kowace shekara sai an karya na bara. In an tambaye shi sirrin, sai ya daki ƙirji ya ce horo ne, ba tsafi ba. Abin da ke ci masa rai ɗaya ne: yaran nan da ke tashi kamar iska a gida, da zarar an kai su gasar babban gari sai su zo a bayan kowa. Malam Usur ya daɗe da gano dalili. Lalaci ne da butulci, sun ga benaye sun manta wanda ya koya musu ɗaga ƙafa. Don haka ya kafa doka: duk wanda ya kunyata shi a waje, mako guda zai yi yana tsayawa gaban taron safe da takalman gudunsa rataye a wuya.

Ta ƙarshe da ta rataya ita ce Tsinke, 'yar mai gyaran keke, yarinya doguwa marar magana. A gida ta yi daƙiƙa goma sha ɗaya da ɗigo shida, har Malam Usur ya yi rawa a fili da ciwon gwiwarsa. A babban gari ta yi sha uku da ɗigo ɗaya, ta zo ta shida. Ranar Litinin ya rataya mata takalman da kansa, ya faɗa wa makaranta kaf cewa samari ta tsaya kallo. Maganar ta isa shagon ubanta kafin azahar. Washegari uban ya zo da baƙin mai a hannu, ya durƙusa ya ba Malam haƙuri, a gabansa kuma ya kifa wa 'yar tasa mari. Tun daga nan Tsinke ba ta sake gudu ba. Ta koma kulob ɗin lissafi, wurin wata sabuwar malama da ɗalibai ke kira Sifili saboda hannunta ba ya rawa wajen ba da shi.

Bana Malam Usur zai yi ritaya, kuma shugaban makaranta ya yi alkawari a gaban malamai: ranar gasa za a sa wa filin sunansa. An riga an ƙera allon ƙarfe, an kafa shi bakin fili, an lulluɓe da farin ƙyalle. Mutumin nan ba shi da gida nasa, ba shi da mota, 'ya'yansa sun watse. Ƙyallen nan shi ne duk abin da ya tara. Kullum in zai tashi aiki sai ya bi ta wajen ya gyara masa ɗauri.

Ana saura kwana uku ya hango 'yan kulob ɗin lissafi a kan layinsa suna jan igiyar awo. Ya busa usur, ya kore su kamar awaki, ya ce wa Sifili ta koma aji ta auna alli. Ta naɗe igiyarta ta tafi. Amma daga ranar, in ya shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu, kowa ya duƙufa kan jan biro. Mataimakin shugaba, wanda Malam Usur ya taɓa kora daga fili a gaban ɗalibai saboda ya taka masa toka, shi ne ma ya miƙe ya ba shi kujera yana tambayar gwiwa. Malam ya ɗauka girma ne ya zo, ya zauna ya miƙe ƙafa.

Ranar gasa fili ya cika da iyaye. Kafin a yaye ƙyalle, mataimaki ya karɓi lasifika ya ce ba za a rabu da gwarzo haka kawai ba, a bari Malam ya nuna wa jama'a takunsa mai tarihi karo na ƙarshe. Aka ɗauki tafi. Malam Usur ya gyara hula, ya tsaya gindin turke, ya fara. Jama'a suka kama ƙirga tare da shi, yara da manya, murya ɗaya. Wallahi daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, har idonsa ya kawo ruwa wajen taku na casa'in. Ya sauke na ɗari da ashirin a kan layin toka daidai, ya busa usur, ya juya yana ɗaga hannu.

Sai ya ga Tsinke tafe. Sifili na tsugune gindin turke ta danne bakin igiya, yarinyar na jan ta a hankali, ba ta kallon kowa. Ta iso gabansa ta ɗora igiyar a kan toka, dab da babban yatsansa. Mataimaki ya miƙa mata lasifika ya ce ta karanta wa iyaye abin da ta gani.

"Tamanin da tara," in ji ta.

Ta ci gaba da ja ta wuce shi, ta je ta tsaya can inda ɗari take, cikin ciyawar da aka daɗe ba a nome ba. Tsakaninsu fili ne da za a iya faka motoci biyu. Wani daga baya ya fara ƙyalƙyala, shi ke nan wuri ya ɓarke. Malamai suna riƙe ciki. Wani ɗan aji biyar ya fito yana kwaikwayon tafiyarsa, yana ɗingishi da ɗan guntun taku, aka sake fashewa. Malam Usur ya dubi ƙafafunsa. Shekara goma gwiwar nan tana cin takunsa kaɗan-kaɗan, shi kuma yana rataya wa 'ya'yan mutane takalma. Kunya ta kama shi irin wadda ke sa mutum jin fitsari. A cikin rumfa mai gyaran keke ne kaɗai ba ya dariya, yana zaune ya zuba wa tafin hannunsa ido.

Ba a yaye ƙyallen ba. Shugaba ya ce lokaci ya ƙure, a fara tsalle-tsalle. Kafin la'asar an tuge allon an kai sito, an jingina shi bayan karyayyun bencina. Filin dai ya samu suna, don daga ranar ko direban da ke kawo littattafai Tamanin da Tara yake kiransa.

Ranar Litinin mataimaki ya aiko masa da takarda: kafin ya miƙa makullai, ya shafe duk tarihin ƙarya da ke allon zaure, tunda fenti da buroshi a wurinsa suke. Ya hau benci ya fara daga ƙasa, suna bayan suna. Da ya zo kan na Tsinke ya tsaya. Can sama, a rubutun shekararsa ta farko, lokacin da ƙafarsa ke faɗin gaskiya, tarihin 'yan mata sha uku ne da ɗigo huɗu, kuma ba wadda ta karya shi sai da gwiwarsa ta fara ciwo. Ya dubi wannan, ya tuna sha uku da ɗigo ɗaya na babban gari. Ashe yarinyar ta karya tarihin makarantar da gaske, a kan mita ɗari cikakkiya, a tseren da ya sa aka mare ta.

Ya aika aka kira ta. Ta tsaya bakin ƙofa da littafin lissafi a ƙirji, ba ta shigo ba. Daga kan bencin ya yi mata bayani, ya ce zai goge na ƙaryar ya rubuta mata na gaskiya da manyan baƙaƙe, a sama da kowa. Ya kira ta 'yata, abin da bai taɓa yi ba.

Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, ka goge kawai," in ji ta. "Ba na son sunana da rubutun hannunka."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta juya ta tafi aji. Ya tsoma buroshi cikin baƙin fenti ya bi ta kan sunan, sai da ya yi shafa biyu kafin farin ya daina nunawa.